Fashin Baƙi: Me Ake Nufi da Yada Zango da Jirgin Ruwa a Kinsale ta Ƙasar Ireland?

"Yaya, ashe wanda ya shiga Turai da jirgin ruwansa ba ya buƙatar biza?" Tambayar da ƙanina ya aiko mini ke nan, haɗe da wani ɗan bidiyo da ke yawo a wayoyi. Mata da miji ne a cikin ƙaramin jirgi mai filafilai, sun shigo wani gari mai gidaje kala-kala a bakin teku, sun ɗaure igiya, sun fito suna dariya sun nufi gidan cin abinci. Babu layi, babu jami'i, babu tambari a fasfo. Garin da ke cikin bidiyon Kinsale ne, a kudancin Ireland. Na gane shi nan take, domin na taɓa yin kwana uku a cikinsa ina kallon shige da ficen jirage.

Ba ƙanina kaɗai ke da wannan fahimta ba. Wasu na ɗaukar teku fili ne da ba shi da mai shi, duk inda ka ga gaɓa sai ka sauka. Wasu kuma na ganin harkar shaƙatawa ce zalla ta waɗanda kuɗi ya yi wa yawa. Akwai ma masu haɗa irin wannan jirgi da kwale-kwalen da ke kwasar 'yan ci-rani daga Libiya. Duk da gyara a maganar. Abin da bidiyon ya nuna a minti ɗaya shi ne ƙarshen lissafin kwanaki: lissafin iska, lissafin ruwa, lissafin doka.

Wane irin jirgi, wane irin zango?

Jiragen da ake magana a kansu ƙanana ne, galibi tsawonsu mita goma zuwa goma sha biyar. Iska ce ke tura su ta hanyar filafilai, wato manyan ƙyallayen da ake ɗaurawa a jikin dogon jigon da ke tsakiyar jirgin. Suna da ƙaramin injin dizal, amma aikinsa shiga tasha da fita, ko ranar da iska ta ɗauke. A ciki akwai gadaje, murhun gas, bayan gida da tankin ruwan sha. Mutum biyu zuwa shida ne ke tafiya, kuma su ne matuƙa, su ne masu girki, su ne kanikawa.

Gudunsu bai taka kara ya karya ba. Mutanen teku da mil ɗinsu suke awo, wanda ya kai mita 1,852, kuma irin wannan jirgi yakan ci mil biyar ko shida a awa. Ka ce kilomita goma ke nan, abin da mai keke zai wuce shi. Daga tsibiran Scilly da ke kudu maso yammacin Ingila zuwa Kinsale kimanin mil 135 ne, wato kwana da yini ana tafiya ba tsayawa, ana karɓa-karɓar barci. Wanda ya taso daga tsibiran Azores na Fotugal kuwa, fiye da mil dubu ne a gabansa, ya fi mako bai ga ƙasa ba.

Bahaushe ba baƙon wannan tsari ba ne. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba a duk inda suka ga dama suke sauke kaya ba. Akwai zango sananne, mai ruwa, mai tsaro, mai kasuwa, inda madugu ya san zai huta da dabbobinsa, ya ji labarin hanyar da ke gaba. Har yau unguwannin Hausawa a Kumasi da Accra sunan Zango suke amsawa. To, haka garin tasha yake ga matuƙin jirgi. Yana shiga ne don ya cika tankin ruwa, ya sayi mai da abinci, ya ɗinke filafilin da ya yage, ya yi barci mai nauyi, sannan, abin da ya fi komai, ya jira iska ta gyaru.

Me ya sa Kinsale?

Amsar tana cikin yadda Allah ya tsara wurin. Garin na bakin kogin Bandon ne, a gundumar Cork, kimanin kilomita 25 kudu da birnin Cork. Kafin kogin ya faɗa teku sai da ya yi lanƙwasa tsakanin tuddai, garin kuma ya zauna a cikin lanƙwasar. Saboda haka raƙuman ruwan Atlantika ba sa kaiwa ga inda jirage ke kwana. Daga yamma kuma akwai wani dogon hancin ƙasa da ya kutsa cikin teku, ana ce masa Old Head, da hasumiyar fitila a ƙarshensa. Da yake iskar wannan yanki ta fi kaɗowa daga kudu maso yamma, wannan hanci shi ke tare wa bakin tashar mafi yawan dukan.

Ranar da na hau katangar Charles Fort, tsohuwar ganuwar da ke gadin mashigar, na ga abin da idona. Wani farin jirgi ya taho daga waje yana tangaɗi, ruwa na wanke gabansa, mutanen ciki sun duƙunƙune cikin jajayen rigunan ruwa. Ya kewaye alamar da ke nuna dutsen Bulman, wani dutse da ke ɓoye ƙarƙashin ruwa a gefen gabas na mashigar, ya bi tsakanin alamomin hanya, ja a hagunsa. Yana wuce ƙasan ganuwar sai tangaɗin ya tsaya cak, kamar an ɗora shi a faranti. Wata mata ta miƙe ta cire hular rigarta, ta fara naɗe igiya a natse. Daga baya na same su a bakin tasha, tafin hannunta duk ya yi fari ya tattare saboda jiƙa, ta jefa igiya wani dattijo da bai san ta ba ya cafe ya ɗaure mata. A tasha ba a jiran a roƙe ka kafin ka karɓi igiyar baƙo.

Wannan kariya ce ta sa tarihi ya yi ta sauka a garin. A 1601 sojojin Sifaniya fiye da dubu uku suka sauka a nan don taimakon sarakunan Ireland, Hugh O'Neill da Red Hugh O'Donnell, a yaƙinsu da Ingila. Turawan Ingila suka yi nasara, kuma daga wannan kaye ne mulkin gargajiya na sarakunan ƙasar ya kama hanyar rushewa. Bayan haka aka gina ganuwar James Fort a ɗaya gefen mashigar, sannan Charles Fort mai siffar tauraro wajejen 1680, wadda sojojin Birtaniya ba su bar ta ba sai 1922. A ranar 7 ga Mayun 1915 kuma, jirgin yaƙin Jamus mai tafiya ƙarƙashin ruwa ya harbi babban jirgin fasinja Lusitania a kusa da Old Head. Cikin minti 18 ya nutse, mutum kusan 1,200 suka rasu.

Ga matuƙi, wani amfanin garin shi ne matsayinsa. Daga nan gaɓar yammacin Cork ke farawa, mai ƙananan tashoshi kusa da juna irin su Courtmacsherry, Glandore da Baltimore, kowace tafiyar yini ko ƙasa da haka. A gabas kuwa akwai Crosshaven, mazaunin ƙungiyar masu jirage ta Royal Cork da ta samo asali tun 1720.

Iska da ruwa ke yanke hukunci

Nan ne wanda ya saba da kogi ko tafki ya fi samun ruɗani. Ruwan teku ba ya zama a matsayi ɗaya. Sau biyu a kwana da yini yana cikowa, sau biyu yana janyewa, tsakanin cikowa da cikowa awa 12 da kusan minti 25. Jan wata ne babban dalili, shi ya sa kullum lokacin ke jinkirtawa da kusan minti 50, kamar yadda fitowar wata ke jinkiri. A tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu ne bambancin ya fi girma, kuma a wannan gaɓa yakan haura mita uku. Wurin da ka ga ruwa shimfiɗe da hantsi, da la'asar sai ka tarar da laka da duwatsu. Wanda ya jefa anka, wato ƙarfen da ke riƙe jirgi a ƙasan ruwa, bai yi wannan lissafi ba, zai farka ya ga jirginsa a kwance a gefe guda.

Ba tsayin ruwan kaɗai ba, har da gudunsa. A gefen hancin ƙasa irin Old Head ruwan na gudu kamar kogi, idan kuma iska ta zo ta gaba da shi sai raƙuman ruwa su miƙe tsaye, gajeru masu duka. Shi ya sa za ka ga jirgi ya bar tasha da asubar fari, ba don gaggawa ba, sai don lokacin ne ruwa zai tafi tare da shi.

Sai yanayi. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasar, Met Éireann, tana fitar da hasashen teku sau da dama a rana, dakarun tsaron gaɓa kuma na karanta shi ta rediyon jirage. Ƙarfin iska da ma'aunin Beaufort ake faɗarsa, daga sifiri zuwa 12, kuma da zarar ana sa ran ta kai mataki na 6 ake gargaɗin ƙananan jirage. Mai hankali yana jin haka zai ƙara ɗaure igiya ya zauna. Wanda ya shigo da niyyar kwana ɗaya yana iya yin biyar.

Ba tsoro ba ne na banza. A watan Agustan 1979 jirage 303 suka shiga gasar Fastnet, wadda ake tasowa daga Cowes a Ingila a kewayo dutsen Fastnet da ke kudu maso yammacin Ireland. Guguwa ta rutsa da su a tsakiyar teku, 'yan gasa 15 suka mutu, aka yi watsi da jirage fiye da ashirin. Tun daga nan aka tsaurara ƙa'idojin kayan ceto da ginin jirage. A kusa-kusan nan ma, ranar 24 ga Yulin 2013, wani jirgin horar da matasa mai suna Astrid, na ƙasar Holan, ya taso daga Oysterhaven zuwa Kinsale, tafiyar da ba ta kai ta kawo ba. Injinsa ya mutu, iska ta tura shi kan duwatsu. An ceto duka mutum 30 da ke ciki, jirgin kuwa ya tafi.

Waɗanda suka fara kai musu ɗauki ma'aikatan RNLI ne, ƙungiyar ceto da aka kafa a 1824, mai aiki a Birtaniya da Ireland baki ɗaya. Mafi yawansu 'yan sa-kai ne, masunta da masu shago da malamai, da gudummawar jama'a ake saya musu jirage. Dokar Ireland kuma ta wajabta sa rigar ceto ga duk wanda ke saman jirgin da bai kai mita bakwai ba. Duk lokacin da na ji labarin kifewar kwale-kwale a Neja ko Kebbi ko Kwara, mutane ɗari a jirgi ɗaya babu mai rigar ceto, wannan ƙaramar tashar ceto ta Kinsale nake tunawa, raina ya ɓaci.

Batun biza da kwastan

Yanzu ga amsar ƙanina. Mil 12 daga gaɓa ruwan ƙasar Ireland ne. Dokar teku ta duniya ta 1982 ta ba jirgin kowace ƙasa damar ratsawa cikin lumana, amma ratsawa daban, sauka daban. Ranar da ka ɗaure igiya ka taka ƙasa, ka shiga Ireland, daidai da wanda ya sauka a filin jirgin sama na Dublin. Bambancin kawai shi ne a ƙaramar tasha babu jami'in da ke zaune yana jiranka. Nauyin kai kanka yana wuyanka.

Jirgin da ya taso daga wajen Tarayyar Turai yakan ɗaga ƙyalle ruwan ɗorawa, alamar cewa bai riga ya gana da hukuma ba, sannan shugaban jirgin ya sanar da kwastan, ya gabatar da fasfon mutanensa ga jami'an shige da fice, waɗanda a irin waɗannan wurare 'yan sandan ƙasar ne da ake kira Garda. Al'ada ce kuma baƙo ya ɗaga ƙaramar tutar ƙasar da ya shiga don girmamawa: kore, fari, ruwan lemo. A kula, idan aka juya ta ta koma ta Kwaddibuwa.

Mutanen da ke cikin bidiyon ƙila 'yan Tarayyar Turai ne, ko 'yan Birtaniya, waɗanda ke da tsohuwar yarjejeniyar zirga-zirga da Ireland. Su ba ruwansu da biza. Ɗan Najeriya ko ɗan Nijar kuwa dole ya nemi bizar Ireland tun daga gida, kuma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Ireland na cikin Tarayyar Turai tun 1973, da Yuro take ciniki, amma ba ta cikin yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da biza ɗaya ke shigar da kai dukkansu. Bizar da ta kai ka Faransa ko Sifaniya ba za ta shigar da kai Kinsale ba. Haka bizar Birtaniya ba ta wadatar da ɗan Najeriya. Idan wani abokinka a Faransa ya gayyace ka ku ƙetara da jirginsa, takarda biyu kake buƙata, kuma ta ziyara ba ta wuce kwana 90. Jirgin da ke cikin hatsari ba a hana shi mafaka, amma mafaka ba izinin zama ba ce.

Shi kansa jirgin da tasa dokar. Wanda mai shi ke zaune a wajen Tarayyar Turai yana iya barinsa a cikinta har wata 18 ba tare da biyan haraji ba. Tun da Birtaniya ta kammala ficewa daga Tarayyar a ƙarshen 2020, jiragenta ma sun koma layin 'yan waje a idon kwastan, abin da ya canza lissafin masu ƙetarowa daga Cornwall da Wales. Akwai kuma batun mai. A Ireland ana rina dizal mai rangwamen haraji da launin kore don manoma da masunta. Da can jiragen shaƙatawa na shan sa, amma daga 1 ga Janairun 2020 aka haramta musu, bayan hukuncin kotun Tarayyar Turai.

Kada a yi mamaki idan jami'ai suka hau jirgin baƙo suna bincike. Ruwa ba ya tsami banza. Gaɓar Cork mai lungu da saƙo ce, masu safarar hodar iblis sun daɗe da sa mata ido. A Yulin 2007 aka tsinci kimanin tan ɗaya da rabi na hodar tana yawo a ruwa a Dunlough Bay bayan ƙaramin jirgin masu safarar ya kife. A Satumban 2023 sojoji suka dira kan jirgin dakon kaya MV Matthew a wajen gaɓar Cork, aka sami fiye da tan biyu.

Abin da baƙo zai tarar

Wurin ajiye jirage shi suke kira marina, sunan da ya yi daidai da na wurin rini a Hausa amma ba su haɗa komai ba. Gadoji ne na katako masu yawo a kan ruwa, suna hawa da sauka tare da shi, da famfo da lantarki a gefe. Ƙungiyar masu jirage ta Kinsale tana da ɗaya a gefen gari, akwai kuma ta Castlepark a ƙetaren kogi. Ana biyan kuɗin kwana gwargwadon tsawon jirgi, a tsakiyar bazararsu kuma wuri na ƙaranci har a jera jirage gefe da gefe, mai na waje ya taka ta gaban na ciki kafin ya sauka.

Garin ƙarami ne, mutanensa kusan dubu shida, tituna ƙunci, kuma ya yi suna da gidajen abinci. Musulmi zai fi samun natsuwa da kifi, sai dai ya tambaya, domin ana yawan sa giya a miya ko a ƙullun da ake soya kifin da shi. Naman halal da masallacin Juma'a sai birnin Cork, motar haya mai lamba 226 na kaiwa, ta kuma bi ta filin jirgin sama. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, asuba kuma ta yi sammako ƙwarai. Ruwan tekun ko a lokacin zafinsu bai cika wuce digiri 16 ba, wanda ya faɗa ciki sanyi ne zai fara karya shi tun kafin gajiya.

Wa ke amfana, wa ke ƙorafi?

Masu shaguna da gidajen abinci, kanikawan inji da maɗinkan filafilai, duk suna maraba da baƙin jirage. Gwamnati ma ta gane haka, shi ya sa hanyar yawon buɗe ido ta Wild Atlantic Way, mai tsawon kimanin kilomita 2,500 da aka buɗe a 2014, daga Kinsale take farawa har Donegal a arewa. Sai dai kasuwar ta 'yan watanni ce, daga Mayu zuwa Satumba. Matashin da ke wanke kwanuka a gidan abinci kuma sau da yawa ba ya iya kama ɗaki a garin, domin gidaje sun yi tsada, da yawansu an mayar da su na hayar masu yawon buɗe ido. Laifin bai tsaya kan mai jirgi ba, tunda shi a jirginsa yake kwana, amma yana cikin abin da ya ɗaga darajar garin har ta fi ƙarfin ɗan gari.

Da masunta kuwa zaman haƙuri ake yi. Su kan baza tarkunan kama ƙaguwa da manyan jatan lande a bakin gaɓa, kowanne da igiya da 'yar alama a saman ruwa. Da dare mai jirgin filafilai ba ya ganinsu, igiyar ta naɗe masa farfela, inji ya tsaya, wani lokaci sai an kira masu ceto. Shi yana cewa a sa alama mai kyau. Masunci kuma na cewa abincin iyalinsa ne aka yanke masa, shi da ke wannan ruwa rani da damina. A ganina masuncin ya fi gaskiya a batun fifiko, domin wasan wani bai kai sana'ar wani ba, amma alamar da ake gani ba ta fi ƙarfinsa ba, kuma ran mutum take karewa.

Rigimar da ta fi zafi a baya-bayan nan ta taso ne a 2025, lokacin da gwamnati ta ba wani kamfani lasisin kiwon wani nau'in ƙumbar teku da ake ci, a fili mai hekta 23 cikin tashar, daura da James Fort. Masu goyon baya na cewa sana'ar abinci ce da ƙasar ta daɗe tana yi, kuma teku ba na masu hutu kaɗai ba ne. Mazauna garin da masu ninƙaya da masu jirage suka fito zanga-zanga a ƙasa da kan ruwa, suna cewa kwasar ƙumbar daga ƙasan ruwa zai lalata ciyawar teku, ya gurɓata wurin wanka, 'ya'yanta kuma su toshe bututun da ke sanyaya injin jirage. Abin da ya ja hankalina shi ne a wannan karon ƙananan masunta da masu jiragen shaƙatawa, waɗanda suka saba harara kan igiyar tarko, jeri ɗaya suka shiga da jiragensu.